Ɗan Masunta a Ƙarƙashin Tekun Maleshiya

Ni Bakabe ne, haifaffen Argungu, kuma gidanmu gidan su ne tun kaka da kakanni. A irin gidajenmu ba a ware ranar koya wa yaro iyo. Yana bin yayyensa bakin gulbi yana wasa a gefe, wata rana sai a hango shi tsakiyar ruwa. Bikin kamun kifin da duniya ta san garinmu da shi, wanda aka faro a 1934 sa'ad da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kawo ziyarar sada zumunci Argungu, baƙi ne ke ɗaukarsa abin kallo. Mu aikin gida ne. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, ya sha faɗawa gulbin Matan Fada da homarsa da gorarsa, kuma a wasannin kabanci, wato wasannin ruwa na Kabawa, yana cikin waɗanda ake ji da su wajen nutso.

Ga yadda nutson da na gada yake: ka cika ƙirji da iska, ka danne ta, ka dulmiya. Ko ka buɗe ido ko ka rufe duk ɗaya ne, don ruwanmu ruwan laka ne, ko tafin hannunka ba ka gani. Hannu ne ke yi maka aikin ido. Da lalube kake bambanta tarwaɗa da kurungu, da lalube kake gano ramin da kifi ya laɓe a ƙarƙashin saiwa, in kuwa tsautsayi ya haɗa ka da minjirya, girgizar da za ta yi maka ta isa ta sanar da kai. Jarumi shi ne wanda ya fi kowa daɗewa bai ɓullo ba. Da wannan ma'auni na girma, kuma har gobe ina girmama masu shi.

Boko ya ja ni daga bakin gulbi. Na zama malamin makaranta a Birnin Kebbi, daga baya Allah ya buɗe mini ƙofar ƙaro karatu a Maleshiya, a jihar Terengganu da ke gabar gabashin ƙasar. Mutanen can Musulmi ne, masunta ne da yawansu, shi ya sa ban daɗe ina jin baƙunta ba. Abokan karatuna ne suka ja ni zuwa tsibiran Perhentian a wani hutu. Daga garin Kuala Besut ake shiga jirgin ruwa mai gudu, tafiyar ba ta kai awa ɗaya ba. Tsibirai biyu ne manya, babba da ƙarami, kuma lokacin zuwa shi ne daga wajen Maris zuwa Oktoba, domin daga Nuwamba zuwa Fabrairu damina da iska mai ƙarfi ke rufe harkar, masaukai da dama ma kulle ƙofa suke yi.

Da muka sauka na leƙa ƙasa daga kan gadar da jirage ke tsayawa. Ruwa ya fi tsayin mutum biyu zurfi, amma ga yashi can ƙasa ina ganinsa, ga ƙananan kifaye suna kai da komo, har inuwarsu ina gani a kan yashin. Duk tsawon rayuwata a bakin ruwa ban taɓa ganin kifi yana harkarsa a gidansa ba. Kullum sai dai a cikin taru, ko a hannu, ko a tire. A nan take na yanke shawarar zan shiga ajin masu koyon nutso da tukunyar iska, abin da ake kira sukuba.

Kafin komai aka ba ni takardar tambayoyin lafiya: asma, ciwon zuciya, ciwon huhu, matsalar kunne, farfaɗiya. Wanda ke da ɗaya daga ciki sai likita ya sa hannu. Daga nan gwajin ruwa: iyon mita 200 ba tsayawa, da zama a saman ruwa minti 10 ba tare da riƙe komai ba. Wannan bai ba ni wahala ba. Malaminmu matashi ne ɗan ƙauyen masunta na ƙaramin tsibirin, shi ma mahaifinsa mai kamun kifi ne. Da na fito ya tambaye ni inda na koyi iyo, na ba shi labarin gida. Ya ce, "Ɗan'uwa, ba ka tsoron ruwa, wannan rabin aikin ne. Amma akwai abu ɗaya da ka gada wanda dole ka ajiye shi a nan bakin gaɓa. In ka sa wannan tukunya a bayanka, ba riƙe numfashi, ko na ƙiftawar ido."

Bayanin da ya yi mana ya zauna mini daram. Ruwa yana da nauyi. Kowace mita 10 da ka nutsa, matsin da ke kanka yana ƙaruwa da kwatankwacin duk nauyin iskar da ke danne mu a doron ƙasa. Ke nan a mita 10 matsin ya ninka biyu, iska kuma ta takure zuwa rabin girmanta. Mai nutson gulbi da ya shaƙi iskarsa a sama ba shi da matsala ta wannan fuska: iskar ta takure yana sauka, ta dawo yadda take yana hawa. Amma mai tukunya a ƙasa yake shaƙa, matsattsiyar iska yake cika huhunsa da ita. In ya cika ƙirji a mita 10 ya danne ya taso, kafin ya iso sama iskar ta ninka biyu a cikin huhun da ba shi da wurin ajiye ta. Huhu na iya yagewa, kumfa ya shiga jini ya toshe hanyar ƙwaƙwalwa. Kuma ba sai an je mita 10 ba, a ruwan da bai wuce tsayin ɗaki ba ma hakan na faruwa. Abin da ya sa mahaifina ya yi suna, shi ne abin da zai iya kashe mutum a nan. Na daɗe ina juya wannan a raina a daren.

Mutane da yawa a gida in na ba su labari suna ɗauka oksijin ne a tukunyar, irin na asibiti. A'a. Iskar nan ce da muke shaƙa, kashi 21 cikin ɗari oksijin, kashi 78 naitirojin, an tace ta an matsa ta cikin silinda. Allurar agogon iska tana kan 200 in tukunya ta cika, ƙa'ida kuma ita ce ka fito ruwa da saura 50. Na'urar da ke rage ƙarfin iskar ta ba ka daidai abin da ka ja, Faransawa biyu ne suka ƙera ta a 1943, Jacques Cousteau da Émile Gagnan. Sauran kayan su ne gilashin fuska mai rufe ido da hanci, faffaɗan takalman roba, rigar roba mai kama jiki, falmaran da ake hura wa iska ko a sace ta don mutum ya tashi ko ya sauka, sai ɗamarar dalma, irin dalmar da muke sa wa bakin birgi don ya nutse.

Darasin farko a wuri mara zurfi aka yi shi, muka durƙusa a kan yashi ruwa ya rufe kawunanmu. Na ja iska. Ta zo a bushe, da ɗan sanyi, da ƙara a kunne. Na sake ta, kumfa ya bi gefen kumatuna ya yi sama. Jikina gaba ɗaya yana jiran lokacin da ƙirji zai fara zafi, yadda ya saba, amma zafin bai zo ba. Malam ya yi mini alama in buɗe gefen gilashin in bar ruwa ya cika shi. Gishiri ya shiga idona, ruwa ya taru a ƙofar hancina. A nan ne masu koyo da yawa ke firgita su zabura sama, na ga hakan da idona ga wani da muke aji ɗaya, sai da malam ya riƙe falmaransa ya kwantar masa da hankali. Ni dai duhun ruwa a ido tsohon sani ne. Na danne saman gilashin da yatsu biyu, na ɗaga kai, na busa iska ta hanci a hankali, ruwan ya yi ƙasa ya fice, fuskar malam ta sake bayyana. Sai ya sa na cire abin shaƙar daga bakina in jefar, in lalubo shi in mayar, kuma duk tsawon lokacin sai ƙananan kumfa suna fita daga leɓena, shaidar ban danne numfashi ba. Wannan ne ya fi ci mini lokaci, don jiki ba ya saurin sakin abin da ya koya tun yarinta.

Darasin kunne kuwa hawaye ya sa ni. Matsin ruwa yana tura fatar dodon kunne ciki, shi ne zafin da kowane mai nutso ya sani. Maganinsa a toshe hanci da yatsu a ɗan busa a hankali, iska ta bi wata siririyar hanya daga maƙogwaro ta isa bayan dodon kunne, matsin ciki da na waje su daidaita. Ana yi tun kafin zafi ya fara, a maimaita kowace mita, in ya ƙi a ɗan hau sama a sake gwadawa. Mu a gida daurewa ake yi, ana ganin zafin kunne wani ɓangare ne na jarumta. Mahaifina ya tsufa kunnensa ɗaya ya yi nauyi, sai an ɗaga murya. Na san tsofaffin masu nutso da ke fitowa jini na zuba ta hanci, a ce ai ruwa ne ya karɓe su. Dabarar da za ta iya rage musu wannan wahala ba ta buƙatar ko kwabo, yatsu biyu ne kawai.

Bayan an gama darussan sai aka kai mu wurin murjani, wani wuri da ake kira Batu Nisan, inda ake yawan kai sababbin hannu saboda ba shi da zurfi kuma ruwan ba ya ja. Ɗumin ruwan yana kusan digiri 29, ba ka jin sanyi. Muka sace iskar falmaran muka bi igiya muka sauka.

Abin da na fara lura da shi ƙara ce. Na ɗauka ƙasan teku shiru ne, ashe wurin murjani ƙara yake yi ƙas-ƙas-ƙas ba tsayawa, kamar wuta ta kama busasshen karan dawa. Daga baya malam ya ce wasu ƙananan jatan lande ne ke yin ta da ƙafar kamunsu. Sannan ido ya buɗe. Murjani iri-iri, wani mai rassa, wani shimfiɗaɗɗe mai faɗi, wani dunƙulalle ya fi tsayina, ruwan ƙasa da kore da shuɗi-shuɗi. A tsakiyarsu wata halitta mai laushi mai yatsu da yawa tana kaɗawa, ita tana harbin duk kifin da ya taɓa ta, amma wasu ƙananan kifaye ruwan lemo masu farin zane a jikinta suke kwana, ba ta yi musu komai. Ɗaya daga cikinsu, bai fi ɗan yatsana tsawo ba, ya fito ya tsaya a gaban gilashina yana korata daga gidansa. Can gefe kifi mai bakin aku yana gatsar dutse, ina jin ƙarar haƙoransa, yana wucewa yana sakin farin gari ta bayansa. Wannan garin yana cikin abin da ke zama farin yashin bakin gaɓa. Na ga kunamar ruwa mai shuɗin ɗige-ɗige kwance a ƙarƙashin dutse, na ga talibambam na teku, wanda na gane nan take don muna da ɗan'uwansa a gida. Kififfiya babba ta zo ta wuce a natse ba ta ko waiwaye mu ba.

Wanda ya fi tsaya mini a rai wani babban kifi ne da ya tsaya cak kusa da dutse ya wangale baki. Wani siririn kifi mai baƙin zane ya shiga cikin bakin, ya tsince ƙwarin da ke manne, ya leƙa ta marfin kunnen, ya fito lafiya. Babban bai haɗiye shi ba, wani ma yana gefe yana jiran a zo kansa. Subhanallah. Na yi ta karanta Suratur Rahman tun ina makarantar allo, inda aka ambaci lu'ulu'u da murjani, amma ranar ce na karanta ta a zuci ina kallon abin da ido.

Murjani ba dutse ba ne, ba kuma tsiro ba. Ƙananan dabbobi ne dubbai da ke zaune a haɗe, kowace tana gina wa kanta gida na farar ƙasa, sababbi suna ɗorawa a kan na tsofaffi. Dunƙulallen nan yakan ƙaru da kusan santimita ɗaya kacal a shekara, ke nan wanda ya fi tsayina ya girme kakana. A cikin jikinsu akwai wasu ƙwayoyin tsiro da ido ba ya gani, su ke amfani da hasken rana su samar musu da mafi yawan abinci, su ne kuma ke ba su launi. Shi ya sa murjanin ke son ruwa mai haske mara zurfi, shi ya sa kuma sabon mai koyo, wanda iyakarsa mita 18, ba a rage shi da komai ba, mafi kyawun abin kallo yana sama da haka. Jan murjanin da iyayenmu mata ke sawa a wuya wani jinsi ne daban, an fi samo shi daga tekun Bahar Rum. Wuraren murjani ba su kai kashi 1 cikin ɗari na ƙasan teku ba, amma kusan kashi ɗaya cikin huɗu na jinsunan halittun teku a nan suke samun mafaka. In ruwa ya ɗara zafin da ya saba da digiri ɗaya kawai na tsawon makonni, murjanin yana korar ƙwayoyin nan ya koma fari fat, in abin ya daɗe ya mutu. A 2010 hukumomin Maleshiya sun rufe wasu wuraren nutso saboda wannan, a 2024 kuma abin ya sake game tekunan duniya. Na ga irin waɗannan wurare, rassa sun karye sun zube, gansakuka ta rufe su, kifin wurin ma kaɗan ne.

Doka ta biyu da ta saɓa wa gadona ita ce ta hannu. Ba taɓa komai. Ka harɗe hannuwanka a ƙirji, ka daidaita kanka da numfashi: in ka ja iska ka ɗan tashi, in ka saki ka ɗan sauka. Taɓawa ɗaya na iya raunata abin da ya shekara yana ginuwa, wasu halittun kuma suna da dafi. Kewayen tsibiran gandun ruwa ne na gwamnati, an hana kamun kifi har nisan mil biyu na teku daga gaɓa. Wannan bai zo mini baƙo ba. Ai Matan Fada ma duk shekara a rufe yake, Sarkin Ruwa na lura da shi, sai ranar biki ake buɗewa, shi ya sa ake fito da giwan ruwan da sai ƙarti sun taru su ɗaga. Kakanninmu sun san cewa ruwan da aka huta masa shi ke riƙe kifi, kuma na faɗa wa malamin haka, ya ji daɗi ƙwarai.

Hawa ma da ƙa'idarsa. Naitirojin da kake shaƙa a ƙasa yana narkewa cikin jini da tsoka. In ka taso da gaggawa sai ya zama kumfa a cikin jiki, ya kawo ciwon gaɓoɓi, ko shanyewar jiki, ko abin da ya fi haka. Don haka a hankali ake hawa, a tsaya a mita 5 na minti 3, kuma wanda ya yi nutso fiye da sau ɗaya ba ya hawa jirgin sama sai bayan awa 18. Sannan ba mai shiga shi kaɗai. Kowa da abokinsa, ku duba kayan juna kafin shiga, kuna tambayar juna da hannu a ƙasa: babban yatsa da manuni a zagaye yana nufin lafiya, babban yatsa sama yana nufin mu hau, hannu a yanka wuya yana nufin iskata ta ƙare, sai abokinka ya miƙo maka abin shaƙarsa na biyu. Na ga matan Malay da rigunansu masu rufe jiki da ɗankwalin ruwa suna koyo tare da ƙawayensu, in an fito a yi alwala a nufi masallacin ƙauyen da ke bakin ruwa.

Na dawo gida da katin shaida. A watan Mayun 2021 jirgin ruwa ɗauke da mutane fiye da 150 ya kife a kogin Kwara kusa da Wara, cikin ƙaramar hukumar Ngaski, kaɗan ne suka tsira. Cikin waɗanda suka yi aikin ciro bayin Allah akwai masu nutso na gargajiya, da ƙirjinsu kawai da hannunsu. Tun daga lokacin abin da na koyo ya daina zama mini labarin yawon buɗe ido. Ba na cewa katina ya isa in shiga Kwara neman mutum. Ruwan duhu mai ja, mai tsofaffin taru da kututture, horonsa daban ne, da igiya da mai riƙe ta a sama. Amma a ganina babu waɗanda suka fi cancantar wannan horo da kayansa irin 'ya'yan Sarkawa da Kabawa, waɗanda suka riga suka iya aiki a ruwan da ba a gani.

Na kai maganar ga ƙanin mahaifina, wanda har yanzu shi ne babba a harkar ruwa a gidanmu. Ya saurare ni tsaf, sannan ya ce, "To ɗana, wanga iska da kaka faɗi, in mun samu injin masu faci da dogon tiyo, ba ya yi?"

Na ce, "Baba, kada a gwada. Injin faci yana tura mai da hayaƙi cikin iskar, a ƙasan ruwa hayaƙin nan sumar da mutum yake yi bai ankara ba. In kuma injin ya mutu, mai nutso zai taso a guje da iska danne a ƙirji, huhunsa ya tafi."

Ya ce in haka ne a bar shi. Ya tambayi abin da za a iya yi ba da kuɗi ba, na lissafa masa: dabarar kunne; hana yara yawan jan numfashi da sauri kafin su nutsa, domin hakan yana ɓoye wa jiki alamar ƙarewar iska har mutum ya suma a ƙasa; da kuma dokar cewa in ɗaya ya nutsa ɗaya ya tsaya a sama yana tsaronsa, har sai ya ɓullo ya yi magana. Baba ya tara samarin gidanmu da na maƙwabta, ya ce duk wanda ke son shiga gasar nutso da sunan gidan nan sai ya fara zama da ni. Yanzu duk lokacin da na zo hutu, in ruwa ya ja baya, da su nake wuni a bakin gulbi, muna farawa daga inda ruwa ya kai ƙirji.